"Open source" ba ya nufin kyauta

Tun watan Janairun 2025 da kamfanin DeepSeek na ƙasar Sin ya fito da manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, kalmar "open source" ta shiga bakin kowa. Na ji mai gabatar da shiri a rediyo ya fassara ta da "manhajar kyauta", kuma wannan fassarar ce take ci mini tuwo a ƙwarya.

Facebook kyauta ne, ba a karɓar ko kwabo a hannunka kafin ka buɗe shafi. To je ka ce a ba ka asalin rubutun da aka gina shi da shi, ka ga ko za a kula ka. Mai waina ta zuba maka waina biyar ta ce ka bar kuɗinka, wannan kyauta ce. Amma in ta zaunar da kai ta nuna maka awon shinkafa, da yawan yis, da yadda ƙullu yake kwana, sannan ta ce je ka soya naka, ka ƙara abin da ka ga dama, ka sayar ma in kana so, to wannan ita ce buɗaɗɗiyar manhaja, wato "open source".

Asalin ruɗanin na Turawa ne. Kalmarsu ta "free" tana ɗaukar kyauta, tana kuma ɗaukar 'yanci. Da masanin kwamfuta Richard Stallman ya fara aikin gina manhaja mai suna GNU a 1983, 'yanci yake nufi: ka yi amfani da manhaja, ka karanta cikinta, ka gyara, ka raba wa wasu. 'Yan kasuwa kuwa da sun ji kalmar sai su ɗauka kayan banza ne da ba riba a ciki. Shi ya sa a watan Fabrairun 1998, bayan kamfanin Netscape ya sanar zai saki rubutun burauzarsa, wato manhajar shiga intanet, a wani zama da aka yi a Palo Alto ta Amurka, Christine Peterson ta kawo shawarar a riƙa cewa "open source". Ka ga abin takaicin: kalmar da aka ƙirƙiro don a rabu da batun kyauta, ita muka ɗauko muka mayar kyauta, alhali Hausa ba ta taɓa haɗa kyauta da 'yanci a kalma ɗaya ba.

Abin da ke buɗe manhaja lasisi ne, irin su GPL da MIT da Apache. In ka zuba aikinka a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ba ka sa lasisi ba, kowa zai iya leƙawa, amma doka ba ta ba shi damar ɗauka ya yi gini a kai ba. WordPress ma, da ake gina shafukan intanet da shi, da lasisi ya samu. A 2003 Matt Mullenweg da Mike Little suka ɗauki wata manhaja mai suna b2 da mai ita ya daina taɓawa, suka ɗora daga inda ya tsaya, don GPL ya ba su dama. Yau sama da kashi 40 cikin ɗari na shafukan intanet a kansa suke.

Sai dai ni a wurina lasisi rabin magana ne. Irin wannan aiki gayya ce, kuma wanda ya kira gayya ba ya barin mutane tsaye a bakin gona. Zai nuna wa kowa kunyar da zai kama, ya miƙa fartanya ga wanda ya zo hannu rabbana.

Na taɓa zama da wani ɗalibi da ke son sa hannu a aikin wani shafin intanet da aka ce buɗaɗɗe ne. Fayil ɗin README na bayanin aikin, wanda shi ne zauren gidan, layi biyu ne kacal: sunan aikin da tambarinsa. Ba a faɗi me za ka fara girkawa a kwamfutarka ba, ba a faɗi umarnin da ke tayar da shafin ba. Yaron nan ya yi awa uku yana lalube, datarsa ta kusa ƙarewa, cajin kwamfutar yana ja. Da ya yi ta maza ya rubuta tambaya, amsar da ya samu ita ce ya je ya karanta bayanan aikin, bayanan da babu su. Ya rufe kwamfutarsa, ban sake jin ya ambaci aikin ba. A takarda wannan manhaja a buɗe take, amma ni ba na kiranta haka.

Abin da ya rasa bai taka kara ya karya ba. README ya faɗi me shafin yake yi da yadda za a tayar da shi, kuma mai aikin ya gwada matakan a kwamfutar da ba tasa ba, don tasa ta riga ta san hanya. A ajiye fayil ɗin CONTRIBUTING da zai nuna yadda ake turo gyara da wanda zai duba. A ware ƙananan ayyuka a sa musu alamar "good first issue" da ake amfani da ita a GitHub, kamar maɓallin da ya karkace a waya, ko fassara shafin farko zuwa Hausa. In baƙon ya turo gyaransa na farko, ko harafi ɗaya ya gyara, a amsa masa cikin kwana biyu, a kira sunansa a gode masa.