Maganin ciwon damuwa: me ya sa mutane ke ɗari-ɗari da shi?

Da gaske magungunan nan suna aiki, ko kasuwanci ne kawai?

Suna aiki, sai dai ba yadda talla ta kambama su ba. A 2018 mujallar likitanci ta Lancet ta wallafa nazarin gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21, kuma kowannensu ya fi ƙwayar da babu magani a cikinta tasiri, ko da yake ratar ba ta da yawa. Wani ya sha ya dawo cin abinci da barci, wani ya yi wata biyu shiru, sai an canza masa wani.

To ba an ce ba ƙarancin serotonin ke kawo ciwon ba?

An daɗe ana gaya wa marasa lafiya cewa wannan sinadari ne ya yi ƙasa a ƙwaƙwalwarsu. A 2022 likitar ƙwaƙwalwa Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan suka bi binciken da aka tara, ba su sami hujja mai ƙarfi a kan haka ba. Wannan bai rushe amfanin maganin ba. Iproniazid, ɗaya daga cikin na farko, maganin tarin fuka ne. A shekarun 1950 aka lura masu shan sa suna samun walwala. Tun asali an ga amfanin kafin a san dalilinsa. Laifin a nan shi ne miƙa wa mutane hasashe a matsayin tabbas.

Zargin da ake wa kamfanoni fa?

Su suka jawo wa kansu. A 2008 wani likitan ƙwaƙwalwa, Erick Turner, ya duba gwaje-gwaje 74 da ke hannun FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka. Kashi 94 cikin 100 na waɗanda aka wallafa sun nuna nasara, alhali a lissafin hukumar kashi 51 ne. Yawancin marasa daɗi an ɓoye su ko an yi musu kwaskwarima. A 2012 kamfanin magunguna na GlaxoSmithKline ya biya tarar dala biliyan 3, kuma cikin laifukansa har da tallata maganin damuwa mai suna Paxil don 'yan ƙasa da shekara 18. Wanda ya ji wannan ya yi shakka ba jahili ba ne. Amma a tuna, masu bincike ne suka tona asirin, da hujjar kimiyya.

Yana kama jiki kamar kayan maye?

Ba ya sa maye, ba ya sa kwaɗayin ƙari. Amma yanke shi kwatsam na iya kawo jiri, rashin barci, saurin fushi, da wani abu kamar jan lantarki a kai. Marasa lafiya sun jima suna kuka da wannan ana raina kokensu, sai a 2019 NICE, hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila, ta amince cewa ga wasu abin yana tsananta ya daɗe. Mai son dainawa ya rage a hankali, tare da likitansa.

Me za a lura da shi a farkon sha?

Sauƙi kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu. Ga 'yan ƙasa da shekara 25, tunanin kashe kai na iya ƙaruwa a makonnin farko, shi ya sa FDA ta sa a rubuta gargaɗi a jikin maganin. Idan an ga alamar haka, a koma wurin likita a ranar.