Ƙungiyar Newspaper Society ta Birtaniya

Newspaper Society ƙungiya ce ta masu gidajen jaridun larduna da garuruwa a Birtaniya. An kafa ta a 1836 da sunan Provincial Newspaper Society, wato ƙungiyar jaridun da ake bugawa a wajen Landan, ta kuma yi shekara 178 tana aiki.

A zamanin da aka kafa ta, haraji ne ya yi wa sana'ar katutu. Kafin a buga ko da kalma ɗaya, sai an danna jan hatimin gwamnati a kusurwar kowace takarda, shaidar an biya. Harajin kwabo huɗu ne na kuɗin Ingila, a 1836 ɗin aka rage shi zuwa kwabo ɗaya. Ga harajin talla, ga na takarda. Masu sukar wannan tsari suka sa masa suna "harajin ilimi", domin ya hana talaka karatun jarida. An soke na talla a 1853, na hatimi a 1855, na takarda a 1861. Sai dai ba duk masu jaridu ne suka yi murna ba: hatimin kan sa gidan waya ya kai jarida kyauta, yana kuma tare wa tsofaffin gidaje gogayyar sababbin jaridu masu araha.

A 1889 aka buɗe ƙofa ga jaridun Landan, sunan ya koma Newspaper Society. Zaman bai ɗore ba, domin a 1906 manyan jaridun Landan suka kafa tasu ƙungiyar.

A zamaninta, yawancin aikin Newspaper Society ba mai karatu ke ganinsa ba, amma da shi ƙaramar jarida ke tsayawa da ƙafarta: shawarar lauyoyi kan ɓata suna da dokokin talla, jawo masu talla, da kai kuka gaban gwamnati. Ta ja daga da ƙananan hukumomin da ke buga nasu jaridu da kuɗin jama'a. Ta kuma yi adawa da shirin BBC na saka bidiyon labaran unguwanni a intanet, shirin da aka yi watsi da shi a 2008.

Da talla ta ƙaura zuwa intanet, kasuwa ta ja baya, sai Newspaper Society ta haɗe da ƙungiyar manyan jaridu a 2014, aka samar da News Media Association.