Haɓo da rashin barci: lokacin da ya kamata a je wurin likita

Haɓo shi ne zubar jini ta hanci, kuma abu ne da ya zama ruwan dare, kusan mutum 60 cikin 100 sukan yi shi aƙalla sau ɗaya a rayuwa. Ya fi damun yara 'yan shekara 2 zuwa 10 sai kuma manya da suka haura 50. Kusan kashi 90 cikin 100 na haɓo daga gaban hanci yake fitowa, a jikin guringuntsin da ya raba ƙofofin hanci biyu, wurin nan jijiyoyin jini sirara ne kuma suna kusa da fata sosai, shi ya sa da hunturu in iska ta bushe sai ka ga yaro ya ɗan ƙwaƙuli hanci ko ya fyace majina da ƙarfi jini ya ɓalle. Mura ma tana kawo shi, haka juna biyu, da magungunan tsinka jini irin su asfirin da wafarin.

Kuskuren da aka fi yi a gida shi ne a ce mutum ya ɗaga kai sama. Wannan ba ya tsai da komai, jinin kawai yake komawa maƙogwaro ya gangara ciki har ya sa amai. Abin yi shi ne mutum ya zauna ya ɗan sunkuya gaba, ya matse wurin nan mai laushi na hanci minti 10 zuwa 15 ba tare da yana saki yana leƙawa ba, yana numfashi ta baki. In jinin ya tsaya a shafa ɗan basilin a bar hancin ya huta.

Amma in an matse har minti 20 jini bai tsaya ba, ko yana zuba da yawa, ko bayan faɗuwa ne ko bugun kai a haɗarin mashin, ko mutum ya fara jin jiri da kasala, to asibiti kai tsaye ba sai gobe ba. Haka yaron da bai kai shekara 2 ba. Haɓon da yake zuwa da zazzaɓi mai zafi ko jinin dasashi shi ma ba na kemis ba ne, sai an yi gwajin jini.

To ina ruwan barci a ciki? Rashin barci shi kaɗai ba ya fasa jijiyar hanci, sai dai sau da yawa abu ɗaya ne yake haddasa su biyun, kuma gaskiya nan ne mutane suke sakaci. Mai toshewar hanci yana kwana da baki buɗe, fanka na busa shi har asuba, ya tashi hanci a bushe barci bai ishe shi ba. Akwai kuma mai minshari da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci, galibi matarsa ce ma za ta fara lura, irin wannan yana jawo hawan jini, shi kuma hawan jini yana sa haɓo ya yi wuyar tsayawa. Wasu magungunan mura da ake sha don buɗe hanci suna hana barci su kuma ɗaga jini. Sannan haɓo na yau da gobe yana iya jawo ƙarancin jini, mutum ya kwanta ƙafafu su dame shi sai motsa su yake.

Babban mutum yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Likitoci suna ɗaukar rashin barci a matsayin ciwo mai daɗewa in ya kai dare 3 a sati har wata 3, amma in ya haɗu da haɓo mai maimaituwa ko ciwon kai da safe bai kamata a jira haka ba. A je a auna hawan jini, a faɗa wa likita duk abin da ake sha har goro da shayi. In jijiya ɗaya ce take ta fashewa, likitan kunne da hanci da maƙogwaro yakan ƙona bakinta da magani cikin 'yan mintuna, ba sai an kwantar da mutum ba.