Ma'aikacin gonar kifi da dokar kare lafiya: inda ake karkata magana

Maganganu biyu ne ke yawo a tsakanin masu kiwon kifi. Ta farko ita ce wai dokar kare lafiyar ma'aikata ta duniya ta cire harkar kifi ɗungurungum, don haka wanda ke shiga tafki yana jan raga ba shi da bakin magana in ya ji ciwo. Ta biyun masu gona take tsorata: wai tun daga 2022 duk wanda aka kama ma'aikacinsa ba takalmin roba, za a rufe masa gona ko a aiko masa da takardar tara daga ƙasar waje. Kowacce akwai ƙanshin gaskiya a gindinta, shi ya sa suka ƙi mutuwa.

Dokar da ake nufi ita ce yarjejeniya mai lamba 155 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, wadda aka amince da ita a 1981 ta fara aiki a 1983. Ta shafi duk wanda aka ɗauka aiki, a kowane fanni, kuma wurin aiki a wajenta shi ne duk inda aiki ya kai mutum muddin wurin yana ƙarƙashin ikon mai aikin: bakin tafki, ɗakin ƙyanƙyasa, rumbun abinci, kwalekwalen da ke zuwa keji. Abin da ya faru a 2022 shi ne an saka lafiyar wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci, ta yadda kowace ƙasa da ke cikin ƙungiyar ta ɗauki nauyin mutunta wannan haƙƙi ko da ba ta rattaba hannu kan yarjejeniyar ba.

To ina batun cire kifi ya samo asali? Daga sakin layi na biyu na sashe na 1. Can aka ba ƙasa damar ware wasu fannoni masu wuyar sha'ani, aka kawo misali biyu: sufurin jiragen ruwa da kamun kifi. Masu yaɗa maganar a nan suke tsayawa. Dama ce aka ba gwamnati, ba a cire kowa kai tsaye ba, kuma ba mai gona ne zai cire kansa ba. Ƙasar da ta ga za ta ware wani fanni sai ta tuntuɓi ƙungiyoyin ma'aikata da na masu ɗaukar aiki, ta rubuta dalilinta a rahotonta na farko, ta kuma faɗi irin kariyar da ta tanadar wa waɗanda ta ware. Sannan kamun kifi daban, kiwo daban. Masunta da ke aiki a cikin jiragen kamun kifi suna da tasu yarjejeniyar, mai lamba 188 ta 2007. Wanda ke ciyar da tarwada a tankin siminti ba ya cikin jirgi. Inda abin ke da ɗan duhu shi ne kiwon keji a teku, inda aiki ya haɗa jirgi da gona. Wannan dokar kowace ƙasa ce za ta raba gardama.

Sashe na 13 ne ya fi jawo ce-ce-ku-ce. Ya ce ma'aikacin da ya janye daga aiki saboda yana da dalili mai ƙarfi na ganin akwai haɗari babba da ke dab da taɓa ransa ko lafiyarsa, a kare shi daga hukuncin da bai dace ba. Masu gona na jin kamar an ba kowa lasisin ajiye aiki. Sharaɗi biyu ne, kuma sai sun haɗu: haɗarin babba ne, kuma yana nan kusa. Sanyin ruwa da asuba ko ƙarnin abincin kifi ba su shiga ba.

Ga irin wanda ya shiga. An zuƙe ruwan wani tanki mai zurfi ko ramin da dattin gona ke taruwa, ƙasa ta rage baƙar laka ta kashin kifi da ragowar abinci, aka ce wani ya sauka da shebur. Da an motsa lakar nan sai ta saki wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Iskar ta fi ta shaƙa nauyi, don haka a gindin rami take kwanciya, kuma in ta yi yawa takan kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali lokacin ta fi kisa. Takunkumin tsumma ba ya tare ta. Sau da yawa wanda ya yi tsalle don ceto shi ma can yake faɗuwa. Haka wayar injin ba ruwa iska da aka ɗaure da leda tana jan ƙasa a jiƙe, ba na'urar da ke katse wuta da zarar 'yar wuta kaɗan, miliamfiya 30, ta zurare. Wanda ya ƙi shiga ruwan nan sai an kashe wuta daga tushe, doka tana bayansa.

Sai dai akwai tsari. Sashe na 19 ya ɗora wa ma'aikaci ya sanar da shugabansa na kusa nan take. Ba a sulalewa gida shiru. Bayan ya faɗa, ba a tilasta masa komawa muddin haɗarin na nan ba a gyara ba. Mai wayo zai faɗa a gaban shaida, ya ɗauki hoton wayar ko ramin, ya kuma nuna a shirye yake da wani aikin.

Batun kuɗin kaya ba shi da wata kwana. Sashe na 16 ya ce mai aiki ne zai kawo kayan kariya inda ake bukata, na 21 ya ce matakan kare lafiya ba za su ci wa ma'aikaci ko sisi ba. Yanke kuɗin safar hannu daga albashi ya saɓa wa wannan. Kuma ba kowace safa ba ce kariya. Fomalin da ake wanke kifi da shi daga ƙwayoyin cuta yana zuwa da ƙarfin kusan kashi 37 cikin ɗari, tururinsa na ƙona ido da maƙogwaro, kuma tun 2004 aka tabbatar da sinadarin cikin masu jawo cutar kansa. Safar auduga tsotse shi take yi ta manna a fata. Ta roba mai kauri ake so, da tabarau mai rufe gefe, a auna shi a fili ba a rufaffen ɗaki ba. Farar ƙasa mai zafi da ake barbaɗa wa busasshen tafki kuwa, da ta taɓa danshi sai ta ɗau zafi, kuma gumi da hawaye danshi ne. A ba iska baya wajen watsa ta. In ta shiga ido, ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 ba tsayawa, sannan asibiti.

Hukunci fa? Yarjejeniyar ba ta yanke tarar ko kwabo ba, ba ta ambaci kurkuku ba, kuma ILO ba ta rufe gonar kowa. Sashe na 9 cewa ya yi kowace ƙasa ta samar da masu duba wuraren aiki da hukuncin da ya isa. Saboda haka adadin tara, da diyyar wanda ya nakasa ko ya nutse, a dokar ƙasa ake nemansu. Ƙaramin mai gona ma an sassauta masa, domin nauyin da aka ɗora masa na tsare wurin aiki gwargwadon abin da zai yiwu ne a hankalce. Rigar hana nutsewa, igiya a bakin tafki da akwatin agajin gaggawa ba su ne za su karya jari ba.

A ganina sassaucin ya fi karkata ga mai gona. Kariyar sashe na 13 an rataye ta ne a kan yanayi da tsarin kowace ƙasa, kuma yawancin masu jan raga ranar kwashe kifi 'yan aikin yini ne, ba takarda ba rajista. Irin wannan ba sai an kore shi ba, gobe kawai ba za a kira shi ba. Ga shi cututtukan aikin ba ranar suke nuna kansu ba. Ƙayar tarwada ta soki tafin hannu yau, kumburi sai jibi. Cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera a rumbun abinci ko ruwan tafki takan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin zazzaɓi da ciwon ƙwauri su taso, a yi ta shan maganin maleriya a banza. Tsargiya kuma sai bayan makonni. Wanda ya ji rauni ya sa a rubuta ranar da abin ya faru da sunan wanda ya gani, in ya je asibiti kuma ya gaya wa likita cewa a cikin ruwan kifi yake yini.