Waiwaye: Kuɗin gyaran unguwannin bakin tashar jirgi a Legas

Jirgin ƙasa ne ya raini zangon Hausawa na Agege. An fara shimfiɗa dogo daga Legas a 1896, ya kai Ibadan a 1901, zuwa 1912 an haɗa shi da Kano. Goro ya riƙa hawa arewa, shanu suna gangarowa kudu, kasuwanni suka yi ta tsirowa a bakin tashoshin Agege, Oshodi, Mushin da Oyingbo. Da harkar jirgi ta durƙushe, 'yan tireda suka baje kaya har kan dogon.

Gwamnan Legas Lateef Jakande ya ƙaddamar da aikin jirgin cikin gari a 1983, gwamnatin soja ta soke shi a 1985. Sai a 2002 jihar ta kafa hukumar sufurin birni, LAMATA, da tallafin Bankin Duniya. Layin Ebute Metta zuwa Ibadan, wanda tarayya ta gina da rancen bankin Exim na China, an buɗe shi a 2021. Layin jirgin cikin gari na Blue Line ya fara ɗaukar fasinja daga Marina zuwa Mile 2 a 2023, Red Line kuma daga Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, a 2024.

Akasarin kuɗin nan a kan dogo, taragu, ginin tasha da gadojin sama suka tafi. Gadojin sun cancanta, domin a Maris 2023 jirgi ya murƙushe motar ma'aikatan jiha a mararrabar dogo ta Ikeja, aka rasa rayuka. Amma da ka fito ƙofar tasha, sai ka tarar da kwata a toshe, ba hanyar ƙafa, 'yan danfo, wato ƙananan motocin haya, sun tare titi. Dalili shi ne, a hanyar Red Line, mallaka ta rabu uku: dogo da filin gefensa na Hukumar Jiragen Ƙasa ne, wato tarayya, manyan tituna da magudanan ruwa na jiha, kasuwa kuwa ƙaramar hukuma ke karɓar harajinta. Kowa kasafinsa iyakar shingensa.

Inda abin ya fi ciwo shi ne diyya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanadi biyan mai haƙƙin zama kuɗin ginin da ya yi, kuma mai takarda ake nema. Ɗan haya da ya biya kuɗin shago na shekara, ko mai tebur da rasit ɗin haraji kaɗai ya mallaka, sau da yawa hannu rabbana yake tashi. An ga irin wannan kukan a Oshodi: aka rushe kasuwar Owonifari a Janairun 2016, aka ce 'yan kasuwar su koma Isopakodowo, tashar motocin zamani ta hau wurin a 2019.

Gyaran da ya dace sai an fara da ƙidayar masu sana'a da sunansu, a gina musu madadin kasuwa kusa da tashar kafin katafila ta iso, a kuma sa kuɗin kwata da fitilu cikin kwangilar tashar kanta. Shugabannin kasuwa a Agege su tattara rasit da yarjejeniyar hayar mambobinsu tun kafin a shafa wa shaguna jan fenti.