Ruwan sama daga tafki: tambayoyi da amsoshi kan sanyin ƙarshen bazara a gaɓar manyan tafkunan Amurka

A wasu shekarun, mutumin Buffalo ko Cleveland, birane biyu a gaɓar Tafkin Erie a Amurka, yakan kwanta cikin watan Agusta da fanka a kunne, ya wayi gari yana laluben rigar sanyi. Sama ta yi duhu ta ɓangaren tafki, yayyafi na zuba a unguwarsu, amma ɗan'uwansa da ke kilomita 30 daga nan yana shanya a rana. Masu hasashen yanayi na can suna kiran wannan da ruwan da tafki ya haifar.

Wane lokaci ake nufi, kuma waɗanne tafkuna?

Bazararsu ita ce lokacin zafi, daga Yuni zuwa Agusta, kaka kuma ta kama a Satumba. Tafkunan guda biyar ne a tsakanin Amurka da Kanada: Superior, Michigan, Huron, Erie da Ontario. Sunan tafki ya yi musu kaɗan. Faɗinsu gaba ɗaya ya kai murabba'in kilomita 244,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin biyar na ruwan daɗin da ke bisa doron ƙasa yana cikinsu. Wanda ya tsaya a bakin Michigan ba ya hango ɗaya gaɓar.

Daga ina sanyi ke fitowa alhali zafi bai wuce ba?

Daga arewacin Kanada, musamman wajen mashigin tekun Hudson. Can sama, kimanin kilomita 10 daga ƙasa, akwai wani kogin iska mai gudu daga yamma zuwa gabas, shi ne iyaka tsakanin iskar arewa mai sanyi da ta kudu mai ɗumi. Da bazara yakan ja da baya zuwa arewa. Amma ba a miƙe yake tafiya ba, lanƙwasa yake yi kamar maciji. Duk ranar da lanƙwasar ta zurmo kudu ta rufe tafkunan, iskar Kanada sai ta biyo ta. Idan ta yi kwana biyu ta wuce, shi ke nan. Idan ta toge, sai a yi mako guda ana cewa kaka ta yi sammako. A Yulin 2009 haka ta toge, har jihohi irin su Ohio da Indiana da Illinois suka ga Yuli mafi sanyi tun da aka fara ajiye lissafi.

Akan samu wani dalilin na daban. Dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta a Yunin 1991, hayaƙinsa ya kare hasken rana har zafin duniya ya ragu da kusan rabin digiri, bazarar 1992 kuwa ta zo wa yankin tafkunan da sanyi.

To mene ne haɗin tafki da ruwan sama?

Nan ne gundarin maganar. Ruwa yana da nawar ɗaukar zafi, yana kuma da nawar sakinsa. Duk wanda ya taɓa sauke tukunyar ruwan zafi ya san ƙasan murhu kan huce, ruwan yana nan da ɗuminsa. Tafkunan sun kwashe wata uku suna shan rana, saboda haka a Agusta ne ruwansu ke kai maƙurar ɗumi. Iska kuwa a dare ɗaya take sauyawa. Abin da ke faruwa saɓani ne na lokaci: sama ta riga ta shiga kaka, tafki yana nan cikin bazara.

Iskar mai sanyi tana hawa kan ruwan, sai ƙasanta ya ɗauki ɗumi da tururi. Iska mai ɗumi ba ta da nauyi, don haka sai ta yi sama. Tana hawa tana hucewa, tururin ya koma ɗigon ruwa, girgije ya haɗu. Iska ta kora shi zuwa gaɓa. Da ya iso tudu, bishiyoyi da gine-gine da tsaunuka su rage wa iskar gudu, ta taru a wuri ɗaya, ta ƙara yin sama, sai ruwa ya sauko.

Masana suna da ma'aunin da suke dubawa: ya zamana ruwan saman tafki ya fi iskar da ke tsayin mita 1,500 ɗumi da aƙalla digiri 13 a ma'aunin Salshiyas. A ɗauki Erie, wanda ruwansa kan kai digiri 23 ko 24 a Agusta. Iskar sama na sauka zuwa digiri 10, an cika sharaɗi. Ta kai 5, to hadarin zai yi tsawo, har a ji tsawa a ga ƙanƙara ƙanana.

Me ya sa aka fi jin sunan Erie da Ontario?

Erie shi ne mafi rashin zurfi a cikinsu. Matsakaicin zurfinsa mita 19 ne kacal, alhali Superior akwai inda ya kai mita 406. Ruwan da bai da zurfi shi ke saurin ɗumama. Sai kuma yadda suke kwance. Iska tana buƙatar doguwar tafiya a kan ruwa, kamar kilomita 100 ko fiye, kafin ta tara isasshen danshi. Erie dogo ne, kilomita 388, ya miƙe daga kudu maso yamma zuwa arewa maso gabas, Buffalo kuma tana zaune daidai bakin ƙarshensa. Iskar da ta bi tsawonsa, a kan Buffalo za ta sauke kayanta. Ontario shi ma haka yake yi wa tudun Tug Hill da ke gabashinsa a jihar New York. Shi kuwa Michigan a tsaye yake, daga arewa zuwa kudu, saboda haka iskar arewa ce ke kai ruwa arewacin Indiana.

Yaya za a yi ruwa a wannan unguwa, waccan a bushe?

Domin hadarin siriri ne. Yakan jeru kamar zare bisa hanyar da iska ta bi, tsawonsa kilomita ɗari ko fiye, faɗinsa kuwa wani lokaci bai wuce 10 ko 20 ba. Iska ta ɗan karkata kaɗan, zaren ya koma wani gari. Wannan ne ke ba masu hasashe wahala, kuma a ganina ana yi musu rashin adalci idan aka ce sun yi kuskure: sun faɗi ruwan daidai, unguwar ce ta kuɓuce musu.

A ƙarshen bazara an fi ganinsa da dare da sassafe. Rana na ɗagawa ƙasa ta ɗauki zafi, bambancinta da tafki ya ragu, zaren ya watse.

Shi ne abin da ke binne Buffalo da dusar ƙanƙara?

Shi ne, sai dai iskar ƙasa ba ta kai sanyin daskarar da ruwa ba tukuna. A ranakun 12 da 13 ga Oktoban 2006 an ga yadda ɗaya ke rikiɗa ya zama ɗaya. Da ruwan sama aka fara, sanyi ya ƙaru, ya koma dusar ƙanƙara mai nauyi, wadda ta kai kusan santimita 57 a filin jirgin saman Buffalo. Bishiyoyi ba su zubar da ganye ba, nauyin ya kakkarya rassa ya tsinka wayoyi, dubban ɗaruruwan mutane suka zauna babu lantarki. A Nuwamban 2014 kuma wasu garuruwan kudu da birnin sun ga fiye da mita 2. Idan Erie ya daskare a tsakiyar hunturu, tururi ya yanke, abin ya lafa.

Akwai hatsari a na bazara?

Ruwan kansa ba kasafai yake ɓarna ba. Matsalar tana cikin tafkin. Lokacin ne guguwar ruwa ke tashi, wadda ke murɗawa daga girgije zuwa saman tafki, tana iya kifar da ƙaramin jirgi. Sannan ruwa da ɗumi, yara suna hutun ƙarshe kafin komawa makaranta, ga iska ta tayar da igiyoyi masu jan mutum zuwa tsakiya. Michigan ya fi sauran cin masu iyo.

Manoma kuwa suna cin moriyar wannan nawa ta ruwa. Ɗumin tafki yana jinkirta sanyin da ke ƙone amfani, shi ya sa gonakin inabi suka jeru a gaɓar Erie da yankin Niagara.

Sanyin Agusta ba ya ƙaryata batun ɗumamar duniya?

A'a. Ba ya ƙaryata shi. Inda kogin iskar ya lanƙwasa kudu, a wani wurin arewa ya lanƙwasa, can kuma ana fama da zafi. Mako guda a yanki guda ba shi ne lissafin duniya ba.

Me ya hana Tafkin Chadi yin haka da hunturu?

Iskar hunturu tana bi ta kansa da sanyi, gaskiya ne. Amma sanyinta na ƙasa-ƙasa ne, na dare da asuba. A tsayin mita 1,500 ba ta yi sanyin da zai ba da tazarar digiri 13 ba, kuma akwai iska mai ɗumi a sama da ke danne ta ƙasa kamar murfi, ga bushewar Sahara. Tururin da ya tashi daga tafkin sai ya ɓace cikin hazo. Tafkin Biktoriya na gabashin Afirka shi yana haifar da ruwansa, amma ta wata hanya: da dare iska kan taso daga gaɓoɓinsa ta kowane ɓangare, ta haɗu a tsakiya bisa ruwa mai ɗumi, hadari mai tsawa ya tashi daidai lokacin da masunta ke cikin kwale-kwale.