Wai gwamnati na da ikon hana mutum haihuwa da ƙarfin doka? Ga yadda kotunan Amurka suka yi da tambayar

Idan ka ɗauki kundin tsarin mulkin Amurka ka karanta shi tun daga farko har ƙarshe, ba za ka tarar da inda aka rubuta cewa ɗan ƙasa na da 'yancin haihuwa ba, babu shi kwata-kwata, alƙalai ne suka zaƙulo shi daga baya, kuma kafin a kai ga haka an riga an yi wa mutane da yawa aikin da ba ya gyaruwa. Ƙiyasin da masana tarihi suke bayarwa shi ne sama da mutum 60,000 aka yi wa tiyatar hana haihuwa ta dindindin a ƙarƙashin dokokin jihohi, mata a ɗaure musu mahaifa, maza a datse musu hanyar maniyyi, ba tare da sun so ba.

Jihar Indiana ce ta fara a 1907, daga nan jihohi sama da 30 suka bi sahu, California kaɗai ta yi wa kusan mutum 20,000. Tunanin da ya haifi dokokin shi ne wai talauci da sata da farfaɗiya da ƙarancin basira duk gadonsu ake yi a jini, don haka idan aka hana masu su haihuwa to an "tsaftace" al'umma. Kuma fa ba mutanen banza ne ke faɗin haka ba, farfesoshi ne da likitoci da manyan 'yan siyasa. Yadda dokar ke aiki kuwa, shugaban gidan da gwamnati ke tsare masu taɓin hankali ko masu farfaɗiya zai rubuta cewa wance ta cancanci a yi mata aiki, kwamitin gidan ya zauna ya amince, a ce mata tana iya ɗaukaka ƙara, to yarinyar da ba ta da kowa kuma ba ta da ko sisi ina za ta samo lauya?

Shari'ar da ta ɗaure wa wannan abu gindi ita ce ta Carrie Buck a jihar Virginia, kuma wallahi duk wanda ya bi labarinta sai ransa ya ɓaci. 'Yar riƙo ce, tana shekara 17 wani ɗan uwan masu riƙonta ya yi mata fyaɗe ta samu ciki, su kuma don su rufe abin kunya sai suka ce ai ba ta da cikakken hankali, aka kai ta gidan da mahaifiyarta Emma take tsare. A 1924 Virginia ta yi dokarta, shugabannin gidan suna neman kes da za su gwada dokar da shi har kotun ƙoli don kada wani ya ƙara ƙalubalantarsu, sai suka zaɓi Carrie saboda ga uwa a tsare, ga 'ya, ga kuma jaririya Vivian da aka ce wai ita ma da alamar ba daidai take ba tun tana 'yar watanni. Lauyan da aka ba ta, Irving Whitehead, tsohon mamba ne a hukumar gudanarwar wannan gida kuma abokin masu son a yi aikin, ko shaida ɗaya bai kira don kare ta ba.

Ranar 2 ga Mayu 1927 kotun ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar da ake kira Buck da Bell (Bell shi ne shugaban gidan da ake tsare da ita), alƙalai 8 suka ce dokar ba ta saɓa wa tsarin mulki ba, mutum ɗaya tak, Pierce Butler, ya ƙi yarda. Mai shari'a Oliver Wendell Holmes ne ya rubuta hukuncin, hujjarsa ita ce tun da kotu ta yarda a 1905 cewa jiha na iya tilasta allurar rigakafi don kare jama'a, to wannan ikon ya isa ya haɗa da yanke hanyar ƙwan mace, ya rufe da maganar da har yau ake tuna shi da ita cewa zuriya uku na dolaye sun isa haka. Ni kam a ganina nan ne babban kuskuren yake, allura tana kare maƙwabcinka daga cutar da za ka iya shafa masa gobe, ita kuwa wannan tiyata hukunci ne a kan yaron da ba a ma haifa ba bisa zato kawai. A watan Oktoba na wannan shekarar aka yi wa Carrie aikin. Ita Vivian da aka kira doluwa ta shiga makaranta har sunanta ya fito cikin ɗalibai masu ƙoƙari kafin ta rasu a 1932 tana shekara 8, ƙanwar Carrie mai suna Doris kuwa cewa aka yi aikin afendiks za a yi mata, sai bayan shekaru masu yawa tana ta neman haihuwa ta gano cewa ita ma tiyatar hana haihuwa aka yi mata.

Jamus ta Hitila ma ta yi tata dokar a 1933 inda aka yi wa kusan mutum 400,000, kuma a shari'o'in Nuremberg da aka yi wa mutanen Hitila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lauyoyin waɗanda ake tuhuma sun kawo hukuncin Holmes a matsayin kariya.

To ina 'yancin haihuwar ya fito? Daga kes ɗin wani fursuna ne a Oklahoma mai suna Jack Skinner. Dokar jihar ta 1935 ta ce wanda aka kama da manyan laifuka na rashin ɗa'a har sau uku a yi masa tiyata, shi Skinner laifinsa na farko satar kaji ne, sai fashi sau biyu. Amma dokar ta ware wasu laifuka ta ce ban da su, ciki har da almubazzaranci da kuɗin amana, wato akawun da ya wawure kuɗin kamfani sau goma zai ci gaba da haihuwarsa, ɓarawon kaji kuwa a datse shi, alhali kuɗin da suka ɗauka zai iya zama daidai. A 1942 kotun ƙoli gaba ɗayanta ta soke dokar, mai shari'a William Douglas ya ce aure da haihuwa suna cikin haƙƙoƙin ɗan adam na asali, kuma wanda aka raba shi da wannan ba shi da hanyar dawo da shi, don haka duk dokar da ta taɓa shi sai an yi mata binciken ƙwaƙwaf. Ya jingina hukuncin da gyara na 14 na tsarin mulki, sashen da ya ce dole jiha ta yi wa kowa adalci iri ɗaya a gaban doka.

Sai dai a lura, abin da kotu ta soke shi ne nuna bambanci tsakanin masu laifi, ba ta ce hukuncin Buck ya faɗi ba, shi ya sa aka ci gaba da yin aikin a gidajen gwamnati da asibitoci shekara da shekaru. North Carolina ta yi wa kusan mutum 7,600 tsakanin 1929 da 1974, kuma a shekarun ƙarshe mata baƙaƙen fata matalauta ne suka fi shan wahalar, wata a ce mata ko ta yarda ko a yanke mata tallafin gwamnati. A 1973 a Montgomery ta jihar Alabama aka yi wa wasu 'yan mata biyu 'yan gida ɗaya wannan aikin, 'yar 14 da 'yar 12, uwarsu ba ta iya karatu ba, alamar X ta sa a fom tana zaton allurar tazarar haihuwa ce za a ci gaba da yi musu. Wannan kes ne ya tayar da ƙura har gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idojin da ake bi yanzu idan da kuɗinta za a yi aikin: sai mutum ya kai shekara 21, yana cikin hankalinsa, an yi masa bayani da yaren da yake ji, ba a karɓi sa hannun mace tana kan gwiwa ba, sannan a jira kwana 30 bayan sa hannu. Wannan na rashin karɓar sa hannu lokacin naƙuda yana da muhimmanci sosai, don duk wadda ta haihu ta san a wannan halin ko me aka miƙo mata za ta sa hannu.

Virginia ta soke dokarta a 1974, gwamna Mark Warner ya nemi afuwa a 2002, a 2015 jihar ta amince ta biya dala 25,000 ga duk wanda ya rage da rai, North Carolina kuma ta ware dala miliyan 10 a 2013. Duk da haka an gano cewa tsakanin 2006 da 2010 an ɗaure wa mata kusan 150 mahaifa a gidajen yarin California ba tare da bin ƙa'ida ba, sai a 2014 jihar ta haramta hakan. Kuma har yanzu kotun ƙoli ba ta fito ƙarara ta soke hukuncin 1927 ba, a jihohi da dama alƙali na iya ba da izinin a yi wa mai naƙasar ƙwaƙwalwa wannan tiyata idan waliyyinsa ya nema kuma aka ce shi ba zai iya yanke shawara da kansa ba.